Saƙonnin da Ɗigo Take Kawowa

Litinin, da hantsi, a shago

An ɗauke wuta, injin yankan katako ya tsaya, shi ya sa na zauna rubutu. Dama ba aikin ne a raina ba.

Tun da Malama ta dawo daga asibiti ba mu yi magana baki da baki ba. Malama matata ce. Lissafi take koyarwa, tun kafin aure nake kiranta haka don tsokana, sunan ya bi ta. Shekara goma sha huɗu muna tare, mun yi faɗa iri-iri, amma gabarmu ba ta taɓa daɗewa ba. Wannan karon an shiga makonni. Ita tana ɗaki, ni ina falo, a kan doguwar kujerar da na ƙera da hannuna ban san a kanta zan ƙare ba. Duk abin da ya zama dole, Ɗigo ce take kaiwa ta kawo amsa. Ɗigo 'yarmu ce, ita kaɗai, shekararta tara. 'Yar mitsitsiya aka haife ta, daga nan sunan ya samo asali.

Da farko saƙonnin gajeru ne. Gas ya ƙare. Makulli yana kan firij. Yau kuwa sai ga ta da kofi a hannu biyu.

"Baba, Mama ta ce ka sha shayinka da zafinsa, kada ka fita ba komai a cikinka."

Na dubi ƙofar ɗakin, a rufe take. Matar da take juya wa bango fuska in na shiga ɗaukar riga, yau ita ce ta damu da cikina? Na ce, "Ce mata na ji."

Sukarin ya yi yawa. Malama ba ta kuskuren sukari.

Talata, da yamma

Na tarar da Ɗigo a bakin ƙofa tana jirana, ko kayan makaranta ba ta cire ba.

"Mama ta ce sannu da aiki. Ta ce ta gode, ita ma kullum tana yi maka addu'a."

Ita ma. Yaushe na aika mata da addu'a? Abin da na ce jiya shi ne na ji. Na san Malama. Ranar da ta fi yi wa shugaban makarantarsu ladabi, ranar ce ta gama da shi a ranta. Wannan baƙar magana ce aka shafa wa fenti, ni kuwa kusa da mai fenti nake wuni, na san irin abin da ake rufewa da shi.

Ban ba da amsa ba. Duk da haka Ɗigo ta shiga ɗakin, ta daɗe.

Laraba, bayan azahar

Na koma gida ɗaukar tef ɗin awo da na manta, na ga takalman yayar Malama a ƙofa. Anti Babba, in ji Ɗigo. Ana ta magana ƙasa-ƙasa a ɗaki, ina sa ƙafa a falo aka yi tsit kamar an kashe rediyo.

Ta fito tana gyara mayafi. "Maigida, an wuni lafiya? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Sai a riƙa sassautawa. Ita ma ba ƙarfe ba ce."

Ban tambaye ta me zan sassauta ba. Wannan baiwar Allah tun ranar da na je neman ƙanwarta take duban hannuwana, wai kafinta. Ta ƙofar da ta bari a buɗe na hango babban akwatin nan da yake zama a saman kwabar kaya. An sauko da shi.

Alhamis, da safe

Akwatin yana bayan ƙofa. Na tura shi da ƙafa lokacin da Malama take wanka. Ba shi da nauyi, amma ba wayam yake ba. Ban buɗe ba.

Juma'a, da yamma, a shago

Wata mata ta zo duba teburin cin abinci, ta yi ta zagaye har ta je ta ɗaga tamfol ɗin da ke lungu. Ta ce wannan ɗan gadon ya yi kyau, 'yarta ma ta kusa haihuwa, tana so. Na ce ba na sayarwa ba ne. Ta ce ai ƙafa ɗaya ce kawai ba a ɗaura ba, za ta jira. Na ce baiwar Allah, ba na sayarwa ba ne. Ta tafi ko teburin ba ta ƙara kallo ba.

Mai Fenti, dattijon da muke raba rumfa da shi shekara da shekaru, ya tashi ya mayar da tamfol ɗin da kansa, ya danne da guntun katako. Can ya ce, "Kafinta, wuyanka ya karkace. Kujera ce?"

Na ce filo ne.

Ya ce, "Ni da tsohuwata in mun ɓata, ni nake fara magana. Ta fi ni iya shiru, kuma ita ta san inda take ɓoye maganin ciwon bayana."

Na gaya masa irin saƙonnin da ake aiko mini. Ya ce to ai alheri ne. Na ce mutum ba ya sauko da akwati yana aiko da daɗin baki sai in sallama yake yi a hankali. Ya dube ni ta saman gilashinsa, ya ci gaba da motsa fenti.

Asabar, da yamma

Na shigo na sami Malama tsaye a ƙofar kicin, cikin shuɗiyar rigar nan da ta ajiye tun lokacin da ta fara matse ta. Yanzu ta sake shiga. Na kawar da ido da sauri.

Kallona take yi kamar ɗalibin da ya ɗaga hannu, tana jiran ya ba da amsa. Na ce a raina tarko ne, so take in fara, gobe a gaya wa Anti Babba ni na kawo kaina. Ko kuma fita za ta yi, na tare mata hanya. Na wuce na wanke hannu. Kafin in fito na ji an rufe ƙofar ɗaki, har da murza makulli, abin da ba ta taɓa yi ba.

Jim kaɗan sai ga Ɗigo. "Mama ta ce kanta ne yake ɗan ciwo, kada ka damu."

Lahadi, da rana

Ba saƙo yau sai na shayi. Sukari ya sake yin yawa.

Litinin, da yamma

Na lura da wani abu. In Ɗigo ta fito daga wajen uwarta ba ta zuwa kai tsaye. Sai ta tsaya a ɗan lungun da ke tsakanin ɗaki da falo, inda muke rataye lema, tana motsa baki ita kaɗai. Hadda take yi. Wato zaunar da yarinya ake yi ana biya mata kalma-kalma kamar darasi.

To me take kaiwa in ta koma? Yau ta tambaye ni ko na ci abinci a shago, da wa na ci. Na ce da Mai Fenti. Ta ce to, ta juya ta shiga ɗaki.

Ban taɓa zaton zan riƙa auna magana a gaban 'yar cikina ba.

Wuyan rigar makarantarta a jiƙe yake, duk ta tattaune shi.

Talata, da safe

Ta tsaya a gabana ina ɗaura takalmi. "Baba, Mama ta ce ran Alhamis..." Sai ta dafe ciki ta ruga banɗaki. Da ta fito na ce ran Alhamis me? Ta dubi ƙasa ta ce masu kwasar shara za su zo.

Na san ranar masu shara. Ni nake fitar da ita tun da muka tare a gidan nan. Wani abu ake shiryawa ran Alhamis, yarinyar ta kusa sakin baki, ta tuna an ja mata kunne.

Laraba, da azahar

Malamar ajinsu Ɗigo ta kira ni a waya, na bar aiki na je. Mun tsaya a baranda, yara suna ta ihu a fili. Ɗigo ba ta cikinsu. Na hango ta ta taga, ta kifa kai a tebur.

Ta ce kullum haka take yanzu. Barci a aji, ciwon ciki, ga roƙon a bar ta ta koma gida da wuri, wai ana bukatarta. Ta ce shekaranjiya ta biyo ta har ofis ta yi mata wata tambaya: "Anti, in babban mutum namiji zai ba da haƙuri, yaya yake cewa?"

Na ji kunnuwana sun yi zafi.

Ta ce, "Lafiya dai a gida?"

Na ce lafiya lau.

"To. Yara dai suna ɗaukar kaya, kuma ba su iya cewa ya yi musu nauyi ba."

Na yi godiya na tafi. A hanya nake tunani, malamai ai sun san juna. Wa ya ce ta kira ni, ba ta kira uwar ba? Wa ya sa wa yarinya wannan tambaya a baki? Wato ni ne babban mutumin da ake jira ya ba da haƙuri, har makaranta an sani.

Alhamis, da yamma

Da safe na ga Malama ta fito a shirye, da jaka da wata ledar takardu. Ta ɗan tsaya a falo, ta dubi agogon bango, ta dube ni. Na ɗauki makullin shago na fita.

Na riga ta dawowa. Ta shigo a hankali tana dafa bango, idanunta sun kumbura. Ta tsaya a gabana, ta yi mini magana da bakinta karon farko tun wancan lokacin.

"Na gode, Baban Ɗigo. Sau biyu ke nan."

Ta shige ɗaki. Sau biyu me? Takardun nan na neman canjin wurin aiki ne, ko na haya? Ɗigo ta kai loma biyu, ta tashi ta amayar.

Juma'a, da yamma

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Na gaji da zancen zuci. Na kira Ɗigo na ce, "Je ki ce wa uwarki, in tafiya za ta yi ta faɗa mini, ta daina zagaye-zagaye." Da gangan na zaɓi kalmomin. Tana juyawa na cire takalmi na bi bayanta, na tsaya a lungun lema. So nake in ji da kunnena yadda ake kitsa amsoshin nan.

Ta tura ƙofa. Na ji muryarta 'yar siririya.

"Mama, Baba ya ce don Allah kada ki je ko'ina. Ya ce gidan ba daɗi in ba kya nan. Ya ce jiya aiki ne ya riƙe shi, ki yi haƙuri."

Sannan Malama, murya a dishe: "Je ki ce masa na gaji da zaƙin baki ta bakin yarinya. Mutum ya aiko da zuma, in ya gan ni ya ɗaure fuska kamar na kashe masa wani. In da gaske yake ya san inda ƙofar ɗakin nan take."

Na koma kujera da sanɗa. Na ji ta fito, ta tsaya a lungun. Ta daɗe fiye da kullum. Da ta zo wuyan riga yana bakinta, ta cire ta yi mini murmushi.

"Mama ta ce ba inda za ta je. Ta ce ka huta, ka gaji."

Na ce to, na gode. Abin da na iya cewa ke nan.

Asabar, da hantsi, a shago

Na yanka katakon mutane ba daidai ba, na sake yankawa, na sake ɓatawa. Mai Fenti ya zo ya kashe injin.

Lahadi, da safe

Na farka da wuri, na yi lamo kamar mai barci. Na ga Ɗigo ta fito da sanɗa, ta jawo 'yar kujera ta hau don ta kai kan tebur ɗin kicin. Ta tsiyayi ruwan zafi daga filas, harshenta a waje don kada ya zube. Kofi biyu. Ta kai ɗaya ɗaki, na ji tana cewa, "Baba ya ce." Ta kawo mini ɗaya, ta ce, "Mama ta ce."

Na shanye tas.

Litinin, da azahar

Na raka Ɗigo makaranta, maimakon in wuce shago na dawo gida. Na ƙwanƙwasa ƙofar ɗakina kamar baƙo.

"Wane ne?"

"Ni ne."

"Ɗigo ta tafi makaranta."

"Na sani. Shi ya sa na zo."

Ta buɗe, ta koma bakin gado ta zauna. Ɗakin yana warin magani da rufaffiyar taga. Na rasa inda zan sa hannuwana. Na ce, "Shayin da ake kawo mini da safe, ke kike aikowa?"

"Wane shayi? Ba kai kake haɗa mini ba?"

"Da wannan sukarin?"

Ta zura mini ido. Na gaya mata abin da na aika da shi ran Juma'a, da abin da na ji an isar, da amsar da aka kawo mini. Ta sa hannu ta rufe baki.

Sai muka shiga bin su ɗaya bayan ɗaya. Addu'a? Ban aika ba. Sannu da aiki? Ba ta aiko ba.

"Ba ka ce in sa shuɗiyar riga ba, kana marmarin ganina a cikinta?"

"Ban ce ba."

"Na tsaya kamar wawiya a ƙofar kicin." Sannan ta ce, "Ran Alhamis fa? Ba a gaya maka likita ya ce in koma a duba ni ba? Ba ka ce in yi gaba, za ka same ni a can ba?"

"An ce mini masu shara za su zo."

Ta yi wata dariya mara daɗi, dariyar ta juye. Na bar ta ta yi. Da ta lafa ta ce, "A bencin nan na zauna. Wancan bencin dai, inda na jira ka wancan karon. Ina duban ƙofa har aka tashi."

Na tambaye ta me likita ya ce. Ta ce jiki ya warke. Haka ta faɗa, jiki.

Na nuna akwatin da haɓa. Ta ce in buɗe. Na kasa, ita ta buɗe. Kayan jariri ne a ninke, ƙanana-ƙanana, wasu ko ledarsu ba a cire ba. Yayarta ce za ta kai wa masu bukata, ita kuma kullum sai ta ce a bari sai gobe.

"Amma ba zan ɓoye maka ba," in ji ta. "Ran Alhamis da na dawo, na yi tunanin zuba nawa a kai."

Na zauna a ƙasa, na jingina da kwabar kaya. Ta ce, "Maganar da na faɗa maka a can, a gaban mutane..." Na ce na ji ta, har yanzu ina jin ta. Ta ce amsar da na ba ta ma tana nan a kunnenta. Muka bar su haka. Ba zan rubuta su ba.

"Ko sau ɗaya ban ga hawayenka ba. Na ɗauka ni kaɗai na yi rashi."

Na ce ta tambayi Mai Fenti me ya sa yake fita sayen abin da bai ƙare masa ba duk lokacin da ya ga na nufi lungun shago.

Ta tashi ta buɗe taga. Ta ce, bayanta a gare ni, "Yarinyar nan shekararta tara."

Na ce na sani.

Litinin, da yamma

Don ni ta buɗe ƙofar, ko don Ɗigo? Ban sani ba. Har yanzu ina juya kowace kalma ina duba bayanta. Halin ya kama ni, ba zai sake ni a yini ɗaya ba.

Talata, bayan an taso daga makaranta

Ɗigo ta shigo ta gan mu zaune a kujera ɗaya. Ta ja ta tsaya da jaka a baya, ta dube ni, ta dubi uwarta.

"Wa ya ce ku zauna tare?"

Malama ta ce, "Zo nan." Ta zo rabin hanya. Muka gaya mata mun yi magana, mun san zancen saƙonni. Ta ce ita ba ta canza komai ba, wataƙila mu ne muka manta. Na ce har da masu shara? Sai ta sa wuyan riga a baki.

"Duka za a yi mini?"

"Ba mai taɓa ki."

Ta ce, a hankali, "In na kawo yadda kuka faɗa, fuskarku tana canzawa. In na gyara sai ku ɗan yi shiru mai kyau." Ta ce ta so ta gaya mini zancen Alhamis, kullum tana cewa anjima, amma ta san in aka ce asibiti ɗaukar makulli nake yi in fita. Ta ce ta ji Anti Babba tana cewa in aka ci gaba a haka gidan nan ba zai ga ƙarshen shekara ba.

"Za ku rabu?"

Na buɗe baki zan ce Allah ya kiyaye, ba abin da ya faru, je ki ci abinci. Malama ta ɗora hannu a gwiwata.

Ta ce, "Muna fushi da juna, kuma muna baƙin ciki. Abu biyu ne suka haɗe mana. Ba mu rabu ba, ga mu nan. Gyaran kuma namu ne, ba naki ba. Mu muka ɗora miki, bai kamata ba."

"Ƙanina fa? An ce ya fasa zuwa. Me ya sa ya fasa?"

Malama ta dube ni. Na jawo Ɗigo na zaunar da ita a tsakaninmu, na gaya mata da kalmar da ake faɗa. Ban taɓa furta ta ba sai yau. Ta yi kuka irin na yara, da ƙarfi, da majina, ba irin na ɓoye da take yi a banɗaki ba. Ba wanda ya ce ta yi shiru. Mu ma ba mu ɓoye namu ba.

"Laifin wa?"

"Ba na kowa ba," in ji Malama. Ni take kallo lokacin da ta faɗa.

Bayan an share fuska uwar ta ce mata ƙarya ƙarya ce ko da mai zaƙi ce, ita ta zaunar da ita a benci tana jiran wanda bai san ana jiransa ba. Ɗigo ta ba da haƙuri. Na ce daga yau an sallame ta daga aikin aike tsakaninmu.

"Ko na gas?"

"Ko na gas."

Alhamis, da yamma

Ɗigo ba ta yarda da mu ba. Tana laɓewa tana leƙenmu. Ɗazu ta same ni ni kaɗai ta tambaye ni me muka tattauna da safe, ashe ta riga ta yi wa uwarta tambayar, tana gwada amsoshin. Malama ta ce ai ba daga nesa ta ɗauko ba.

Na koma kwana a ɗaki. Mai Fenti ya ce wuyana ya miƙe, ya fasa kai ni wajen mai gyaran ƙashi.

Asabar, da rana

Mun yi faɗa, da murya. Kan kantar kicin da na yi alkawari tun bara waccan. Ta ce matar kafinta ce kaɗai a layin nan take jera tukwane a ƙasa. Na ce masu kanta ba sa yi wa mazajensu magana kamar 'yan aji. Muna cikin haka na ga Ɗigo a ƙofa, ta sandare, wuyan riga a baki.

Hannuna ya kai kan makullin shago. Malama ta ce ƙasa-ƙasa, "Zauna mu ƙarasa. Tana kallo."

Na zauna, ba don raina ya so ba. Ta faɗi nata, na faɗi nawa. Na yarda na ja lokaci, ta yarda harshenta ya yi kaifi. Na ce gobe zan kafa.

Ɗigo ta ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ba wanda zai shiga ɗaki ya rufe?"

Malama ta ce mutane suna saɓawa su shirya kafin shinkafa ta nuna. Ɗigo ta yi ɗan tunani, ta ce to ita dai an cika mata kunne, za ta gidan maƙwabta wasa. Rabon da ta nemi fita har na manta.

Lahadi, da yamma

Na kafa kantar. Wai ta karkace. Ba ta karkace ba.

Talata, da yamma

Na dawo na ga ƙofar ɗaki a rufe. Tsohon tunanin ya taso gaba ɗaya: me na yi, wa ya zo, me aka ce mata. Na tsaya a lungun kamar zan koma falo. Sai na ƙwanƙwasa.

Tana kwance ta fuskanci bango. Ba ta juyo ba, amma ta yi magana.

"Yau ba na iya hira. Ba kai ba ne. Yau ce ranar haihuwar da likita ya ƙiyasta mana."

Na ce na sani. Tun safe na sani, ban taɓa injin ba yau. Na zauna a bakin gado na ɗan jima, hannuna a kan ƙafarta, sannan na fito na ja mata ƙofa.

Ɗigo ta dawo daga wasa, ƙafa duk ƙasa. Ta ga ƙofar, ta dube ni. Na ce ta shiga in tana so. Ta shiga, ba ta daɗe ba, ta fito kai tsaye.

"Mama tana baƙin ciki yau. Ta ce ba za ta ci abinci ba, kuma kada a dame ta."

Na ce haka ne.

"Kai ma?"

"Ni ma."

"Ni ma kaɗan." Ta ja hanci. "Amma ina jin yunwa."

Muka shiga kicin muka soya ƙwai. Na bar wuta ta yi yawa, hayaƙi ya cika ko'ina. Ta cinye nata da burodi, ta ci rabin nawa, tana ba ni labarin wata 'yar ajinsu da ta karya mata fensir ta ƙi amsa laifi, wai ta gaya mata a fuska ta ji haushi, kuma ba za ta yafe ba sai jibi.

Muna kankare kaskon muka ji ƙofar ɗaki ta buɗe. Malama ta tsaya a bakin kicin, ɗankwali a karkace, ido a kumbure, tana kore hayaƙi da hannu.

"Wa ya ƙona mini kasko?"

Ɗigo ta nuna ni da cokali.